Hatimi a Jikin Bango

Sau uku Hemlata ta ɗora buhun ƙarshe a kan sikeli, sau uku allurar ta tsaya a wuri ɗaya. Ta hure ƙurar da ke kan farantin, ta ɗan bubbuga ƙarfen da yatsa kamar mai tashin jariri daga barci. Allura ko gezau.

"Giɓin kilo uku da giram ɗari huɗu," ta faɗa a fili, ko da yake ita kaɗai ce a rumbun.

Mahaifinta, Girdhari, ya leƙo da burushi a hannu. Saura kwana uku bikin Diwali, tun sassafe yake shafe gidan da farar ƙasa, har gashin bakinsa ya yi furfurar aro.

"Baisa mai digiri, har yanzu ba ku shirya da sikelin ba?" Baisa, wato gimbiya, yake kiranta in zai tsokane ta.

"Sikelin lafiyarsa ƙalau, Papa. Ganyen ne bai cika ba."

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Moɗa biyu ta ruwa. A yayyafa, a juya ganyen, kafin sufeto ya iso ƙarfe goma ya shanye. Kakanki ya yi, ni ma na yi, babu wanda ya mutu."

"Shi ya sa bara aka ba ka jar takarda."

"Kai, yarinyar nan! Harshenki ya fi wuƙar wanzami."

"A gidanka na gada."

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai idonsa ba.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan gidansu ke riƙe da lasisin sayar da bhang a garin. Ganyen wiwi ne da gwamnati ke aunawa ta ba su cikin buhu mai hatimi, su niƙa shi a dutse, su dama da madara da sukari, su sayar ta tagar da ke kallon titi. Da shi aka yi rufin gidan, da shi Hemlata ta yi karatun shari'a a Jodhpur. A zamanin Girdhari littafi ne ke bin buhu: sai ƙarshen wata yake zama da biro ya cike shafuka yadda lissafi zai dace. Bara aka gano shi, aka ba shi gargaɗin ƙarshe. In aka sake samun matsala, za a garƙame shagon, a ba wani lasisin.

A kan haka Hemlata ta kwaso akwatinta ta dawo. Washegarin Diwalin bara ta buɗe sabon littafi mai jar bango, ta zauna a bakin tagar da mace ba ta taɓa zama ba. Ƙawayenta na jami'a suka daina kiranta. Matan unguwa suka riƙa jan mayafi in sun zo wucewa. Bhanwar mai alewa, da ke tsallaken titi, ya raɗa mata suna Lauyar Ganye, kullum sai ya ƙwala shi da safe don kowa ya ji.

"Ina kwana, Bhanwar-ji," takan amsa. "Ƙudajen da ke kan alewarka an sabunta musu lasisi kuwa?"

Ta sha zafin bazara a tagar nan, ta sha ruwan damina, ta sha surutun mashaya. Babu giram ɗin da ya fita ta hannunta bai shiga littafi ba. Duk da haka, duk ƙarshen wata sai ta tarar rumbu ya gaza da kusan giram ɗari uku. Ta sa tarkon ɓera. Ta kira mai gyaran sikeli. Ta tsare mahaifinta ta tambaye shi wa ke ɗibar ganye, ya rantse da kanta babu kowa. A watan Mayu ne kawai giɓin ya ragu, lokacin da ƙanin kakanta ya rasu suka rufe shago kwana goma sha biyu. Daga nan ta yanke a ranta cewa hannun Papa ne ke da nauyi wajen zuba wa abokansa. Ba ta ɓoye ba. Kowane wata takan ɗauki jan biro ta rubuta adadin, ta sa a gefensa: ban san inda ya tafi ba. Mutum ɗaya kawai ta ɓoye wa, kakarta Dhapu, don kada tsohuwa ta kasa barci.

Ƙarfe goma daidai babur ya tsaya a ƙofa.

Sufeto Pokar Ram dogon mutum ne, siriri, farar rigarsa ko lanƙwasa babu. Ɗan Bishnoi ne, mutanen da ko warin abin maye ba sa yarda ya taɓa tufarsu, shi ya sa masu shaguna ke cewa da gangan aka ba shi aikin. Ya ƙi kujerar da ke kusa da dutsen niƙa, ya zauna a kan benci, ya miƙa hannu.

"Rajista."

Ya daɗe yana juya shafuka. Shafi ɗari uku da hamsin da biyu, rana ɗaya shafi ɗaya, babu gogewa babu zane. Sau ɗaya ya ɗaga gira. Sai yatsansa ya tsaya.

"Wannan jan fa?"

"Abin da ban san inda ya tafi ba ne, Sahab."

Ya cire tabarau ya dube ta. "Shekara ashirin da biyu ina wannan aiki. Na ga masu jiƙa ganye, na ga masu cusa yashi a gindin buhu. Ban taɓa ganin wadda ta kama kanta ta miƙo mini ba."

"Ban kama kaina ba. Abin da sikeli ya faɗa na rubuta."

"Kin san ƙa'ida?"

"Giɓin da ya wuce kilo biyu, ana ɗauka an sayar ta bayan gida."

"To kin san abin da ke cikin jakar nan."

Ya zuge jakar ya fito da kwaɗo da takardar rufe shago. Girdhari na tsaye a bakin ƙofa. Ya duƙa ya ɗauki bokitinsa ya koma tsakar gida, don kada 'yarsa ta ga fuskarsa. Jim kaɗan aka fara jin shap-shap ɗin burushi a bango.



"Makullin rumbu nawa ne?" in ji sufeto, biro a kan takarda.

"Biyu. Nawa da na mahaifina."

"Uku ne."

Dhapu ce ta shigo da kofin madara a tire, 'yar ƙaramar tsohuwa, awarwaron farin ƙashi tun daga gwiwar hannu har kafaɗa. Ta ajiye tiren, ta girgiza tarin makullan da ke ɗaure a ƙugunta.

"Sha, ɗana. Madara ce zalla, na san mutanenku. Ga ka kamar sandar rake, matarka ba ta dafa maka abinci ne?"

"Na gode, Maji," in ji shi, yana kiranta uwa a harshensu. "Kina shiga rumbun?"

"Kullum da asuba."

"Kina ɗibar ganye?"

Tsohuwar ta dafe ƙirji. "Ni? Tun da aka kawo ni gidan nan ko ɗanɗana shi ban taɓa yi ba, balle ɗiba. Nasa kawai nake cirewa."

"Na wa?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta ta ina rana ke fitowa. "Na Bolenat mana. Za a buɗe taga a sayar wa kowane ɗan iska, mai ganyen bai samu nasa ba?"

Hemlata ta waiga wajen ƙofa. A tsakar gidansu, ƙarƙashin tsohuwar bishiya, akwai baƙin dutsen Shiva, abin bautarsu, da suke kira Bolenat. Tun tana rarrafe take ganinsa a jiƙe da safe. Ba ta taɓa tambayar da me aka jiƙa shi ba, kamar yadda ba ta taɓa tambayar wa ke kunna fitilar gabansa ba.

"Dadisa, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Hemlata ta tambayi kakarta.

"Kin tambaye ni? Ke da kike wuce ni da littafi a hammata kamar alƙali."

"Nawa kike cirewa?" in ji sufeto.

Dhapu ta kwance bakin mayafinta ta fito da wani ɗan kofin tagulla da ya sha hannu har ya yi sulɓi. Pokar Ram ya sa ta cika shi daga buhu, ya juye a ƙaramin sikeli. Giram goma. Ya ce ta sake. Giram goma. A karo na uku ya sa ta rufe ido, ta ɗebo tana masa tsaki. Giram goma.

Ya kalli allurar. Sannan ya girgiza kai.

"Hannunki ya fi sikelin ofishinmu, Maji. Amma magana ba shaida ba ce. Kowa zai iya kawo mini kakarsa da kofi. In babu rubutu, babu abin da zan iya yi."

"Rubutu kuma? Ni ban san rubutu ba. Ɗigo dai nake yi, don kada in manta in ba shi sau biyu ya saba."

"Wane ɗigo?" Hemlata ta tambaya.

"Na sindur, jan garin ibada. In na zuba masa, sai in dangwala yatsa a bangon bayansa. In Diwali ta zo ubanki ya shafe, in sake sabo."

Shap-shap, in ji burushi daga tsakar gida.

Hemlata ba ta san lokacin da ta tsallake buhu ba. Takalminta ɗaya ya tsaya a rumbu, mayafinta ya maƙale a ƙofa ta bar shi.

"Papa! Papa, tsaya!"

Girdhari na tsaye bayan bishiyar, ya riga ya ja burushi sau ɗaya a saman bangon, ya tsoma zai ja na biyu. Ta kama hannunsa da hannu biyu, bokitin ya kife, farar ƙasa ta malale musu a ƙafa.

"Ke lafiya? Kunama ce?"

Bangon take kallo. Daga daidai kafaɗar tsohuwa har zuwa gwiwa, jajayen ɗigo ne jere bisa jere, kowanne da zanen yatsa a cikinsa. Layin sama ya sha farar ƙasa. Suna tsaye suna kallo, sai jan ya fara ɓullowa ta cikin farin a hankali, ɗaya bayan ɗaya, domin da man shanu Dhapu ke kwaɓa sindur ɗinta, ruwa ba ya kama shi.

"Papa, sau nawa na tambaye ka wa ke ɗibar ganye?"

"To wa ke ɗiba?"

"Dadisa! Kullum, ta ba Bolenat!"

Girdhari ya saki baki. "Ai wannan ba ɗiba ba ce. Mutum yana ɗibar abinsa ne?"

Nan dariyar ta ƙwace mata, ta duƙa ta riƙe ciki.

Ihun da ta yi ya riga ya tara unguwa. Mata suka leƙo ta kan katanga, masu jiran a buɗe taga suka shigo tsakar gida, Bhanwar ya bar alewarsa ga ƙudaje ya tsallako. Sufeto ya naɗe ƙafar wandonsa ya taka cikin farar ƙasa, ya ɗauki tsinke ya fara ƙirga. Kafin ya kai hamsin jama'a sun kama masa, murya ɗaya kamar 'yan aji. Bhanwar ya fi kowa ƙarfin murya, a ɗari da tara ya yi tsalle zuwa ɗari biyu.

"Haka kake ƙirga wa mutane alewa, Bhanwar-ji?" in ji Hemlata.

Aka kwashe da dariya. Sufeto bai ɗago ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

A tsakiyar bangon ya tsaya. Akwai wani fili da babu ɗigo, sai dogon layin gawayi.

"Nan fa?"

"Rasuwar ƙanin mijina," in ji Dhapu. "Kwana goma sha biyu mai zaman makoki ba ya zuwa gabansa. Na ba shi haƙuri, ya gane."

Hemlata ta ruga ta ɗauko littafin, ta buɗe ƙarshen watan Mayu, ta sa masa a ƙarƙashin hanci. Jan biro: giram ɗari da casa'in. Kwana talatin da ɗaya, a cire goma sha biyu. Pokar Ram ya dubi shafin, ya dubi layin gawayin, ya ci gaba da ƙirga.

"Ɗari uku da talatin da takwas," in ji jama'a. "Da tara. Ɗari uku da arba'in!"

Ɗigon ƙarshe ɗanye ne, na asubar ranar.

"Sau goma," in ji Hemlata. "Kilo uku da giram ɗari huɗu."

Wata mata ta rangaɗa guɗa daga kan katanga. Sufeto ya ɗaga hannu aka yi tsit.

"Lissafi ya dace. Amma doka ta ce rajista, ba ta ce bango ba."

Hemlata ta miƙe tsaye sosai, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Shekara guda take jiran wani ya tambaye ta abin da ta karanta.

"Sashe na goma sha huɗu na takardar lasisinmu, Sahab. A ajiye shaidar duk abin da ya fita daga rumbu, a cikin harabar shago, ta yadda jami'i zai iya gani ya ƙirga. Babu kalmar takarda a ciki. Ga haraba, ga shaida, ga jami'i. Ƙirgawa kuwa, duk unguwa ta ji ka."

"Lauyar Ganye!" Bhanwar ya ƙwala, wannan karon yana tafi.

Pokar Ram ya zaro kwafin lasisin daga jaka, ya karanta sashen da leɓɓansa, ya sake karantawa. Ya ninke takardar.

"To. Amma a littafin nan gida biyu ne: wanda aka sayar, da wanda ya lalace aka zubar. Maji, in kin dama, wa ke sha?"

"A kansa nake zubawa, ya gangara gindin bishiya."

"Shi ke nan. An zubar ke nan. Sai a sa a gidan lalatacce."

Dhapu ta matso har sai da ta ɗaga kai kafin ta ga fuskarsa. "Sake faɗi in ji."

"Maji, kalmar ofis ce kawai…"

"Shekara arba'in ina tashi kafin zakara, in zaɓar masa ganyen da ya fi kowanne kyau, ka ce mini lalatacce? Gara ka sa kwaɗonka. Girdhari, miƙo masa ƙofar ya rufe!"

"A'a, Ma, tsaya mana," in ji Girdhari da sauri. "A sa an sayar, kowa ya huta."

"In sayar masa? Da me zai biya ni, da ruwan sama? Ya riga ya biya tun kafin a haife ka."

Sufeto ya juya wajen Hemlata kamar mai neman ceto. Ita kuwa ta riga ta zauna a gindin bishiyar, littafi a cinya, rula a hannu. Ta ja layi miƙaƙƙe daga saman shafin ranar har ƙasa, ta yi gida na uku. A kansa ta rubuta: Rabon mai gida.

"Ba a ce gida biyu kawai ba, Sahab. An ce a nuna inda ya tafi."

Ya karɓi littafin ya kalli layin. "Mai gidan nan, shekarunsa sun kai na mai shan bhang?"

"Ya girmi gwamnati," in ji Dhapu.

Wannan karon dariyar ta ci ƙarfinsa, ya juya baya yana tari. Da ya natsu, ya mayar da kwaɗo cikin jaka, ya yaga takardar rufewar gida biyu. Ya sa hannu a ƙasan shafin, ya buga hatimi. Sannan ya tsaya yana nazarin bangon. Ya sake danna hatimin a tawada, ya nemi busasshen wuri a ƙarƙashin ɗigon ƙarshe, ya manna shi da ƙarfi, ya rubuta kwanan wata a gefe.

"Daga yau wannan bangon takardar gwamnati ne. Rajista shekara biyar ake ajiye ta. Wanda ya shafe shi, da ni zai yi."

"Shekara biyar?" Girdhari ya dubi burushinsa. "Diwali biyar gidana da jan tabo kamar mai ƙyanda?"

"Ka gode ba kwaɗo ba ne, Papa."

"Kuma daga gobe," in ji sufeto, "rabon ya shiga littafi kullum, da shaidar wadda ta cire. Bango ya cika."

Ya koma rumbu ya ɗauki kofin madarar da ta riga ta huce, ya shanye a tsaye, ya gaishe da tsohuwar hannu biyu a haɗe. Babur ya tashi, farar ƙasa na ɗiga daga takalminsa.

Bhanwar ya aiko da tiren alewa. Girdhari ya buɗe taga, layi har bakin titi, kowa na ba na bayansa labarin da shi ma yana wurin aka yi. Hemlata ta wanke ƙafarta a bakin famfo, ta ɗauki littafin da 'yar tasar sindur, ta sami kakarta zaune gaban bangon tana harararsa.

"Sun ƙwace mini bangona," in ji tsohuwar.

"Ga wani." Hemlata ta buɗe shafin a gabanta, ta nuna mata gida na uku. "Nan za ki riƙa dangwalawa."

Dhapu ta ja hannunta baya. "Ni da ko ƙofar makaranta ban taɓa takawa ba? In ɓata miki littafi?"

"Dadisa, shekara guda littafina yana cewa ban sani ba. Naki ne ya sani."

Tsohuwar ta goge yatsanta a mayafi sau uku, ta shafa takardar a hankali da bayan hannu, kamar mai taɓa goshin jariri. Hemlata ta miƙa mata tasar. Dhapu ta kai yatsa har bakinta, sai ta tsaya, ta ture ta gefe.

"Ba yau ba. Na yau yana bango. So kike in rubuta abu ɗaya sau biyu, dogon nan ya dawo ya kama mu?"